Gishiri Ba Ya Zuwa Hutu

Alhamis da la'asar Abhur ta cika,
masu jirage sun iso da ƙanƙara da gasasshen rago.
Ni ina tsugune a gindin jirgin Abu Rakan,
sifana a haƙorana,
baƙin mai har gwiwar hannu.

Ya ce, "Usta Tanimu, wata huɗu kacal na ajiye shi."
Kacal!
Kai ka hau dutsen Abha ka sha sanyi,
gishiri bai je ko'ina ba.
Nan ya tare, ya yi ɗaki a cikin tiyo,
ya liƙe noti da ƙusa har sun manta su biyu ne,
ya cinye tutiyar da na ɗaura bara
saura guntu kamar haƙorin tsoho.
Ban ga laifin tutiya ba, aikinta ke nan,
ita ake ci don ƙarfe ya kwana lafiya.

Na murɗa makulli. Ƙas, ƙas, shiru.
Kan batir ya yi furfura kore-kore,
na kankare.
Na sake, ya yi tari biyu ya haɗiye.
Na zare fulogi na shinshina,
fetur ya tsufa a tanki, yana warin fenti,
ruwa ya kwanta ƙasan matata
kamar ɗan hayar da ba ya biya.

Ubana, da ya zo hajji ya zauna,
shi ya koya mini a Karantina:
"Fara da abin riyal biyar
kafin ka taɓa na dubu biyar.
Inji ba ya ƙarya, sai dai mai shi."

Na sauka ƙasa, na sassauta ƙusar giya.
Man da na zuba kamar zuma
ya fito fari kamar kindirmo.
To, ruwa ya shiga. Ta ina?
Na cire farfela, ga ɓarawon:
zaren fatsar wani masunci
ya nannaɗe sanda, ya yanka roba,
zaren da ba ya ɗaure ko akuya
ya so ya kashe doki ɗari biyu.

Sabon mai, sabuwar roba, na murɗa.
Ya tashi!
Ƙugi mai santsi, ba gargada, ba hayaƙi.
Yara suka yi tafi, Abu Rakan ya laluba aljihu,
ni kuma na soma goge hannu
ina jin kaina.

Sai Jumana, 'yar autarsa, shekara bakwai,
ta ja mini riga.
"Ammu, yau bai yi fitsari ba."

Na duba. Ramin a bushe.
Ɗan siririn ruwan da ke tsartuwa a gefe,
shaidar cewa sanyi na zaga cikinsa,
babu shi.
Shekara talatin da huɗu ina wannan aiki,
daɗin ƙara ya rufe mini ido.
Na kashe shi kafin ya dafa kansa.

Robar famfo, fukafuki shida,
uku sun karye, rani ya gasa su.
Da sun fita, da can bayan murjani zai tsaya,
dare, yara biyar, ba inuwar kowa.

Faɗuwar ranar da suka zo kallo
ta same mu a kan siminti, ina tsintar ɓaraguzan roba,
Jumana na riƙe mini tocila.
Aka kira magariba. Muka yi. Muka dawo.
Na murɗa, ita ta fara gani:
ruwa ya tsarto, siriri, miƙaƙƙe, mai ɗumi.

Na ce wa uban, "In kun dawo, a wanke shi da ruwan daɗi,
minti goma, ko da kun gaji."
Ya ce, "Insha Allahu," idonsa na kan waya.
Sai na durƙusa na maimaita wa yarinyar.